Gwarzo Da 'Yan Rakiyarsa: Sharhi A Kan Littafin Tarihin Muhammad Ali Na Thomas Hauser

Share Fage

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya san cewa ɗan dambe ba ya shiga fili shi kaɗai. Makaɗi na bayansa da kalangu, 'yan ma'abba na zuga shi, ga mai ɗaure masa hannu, ga uban ɗakinsa, ga kuma wani can gefe wanda ya ba shi laya da rubutun sha tun da asuba. Amma idan aka tashi ba da labarin wasan, sai a ce wane ya kashe wane a turmi na biyu, shi ke nan. Waɗancan mutane da suka kai shi fili sai su ɓace daga labarin kamar ba a yi su ba.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo wa 'yan'uwa marubuta sharhi a kan wani littafi da ya ƙi bin wannan hanya. Sunan littafin Muhammad Ali: His Life and Times, wanda wani lauya kuma marubuci ɗan Amurka mai suna Thomas Hauser ya wallafa a 1991. Littafi ne na Turanci a kan shahararren ɗan damben nan da mutanenmu suka fi sani da Muhammad Ali Kile. Ba don mu koya wa kowa dambe muka ɗauko shi ba. Mun ɗauko shi ne domin muna ganin akwai darasi babba a cikinsa ga duk mai son rubuta tarihin wani gwarzo, ko mai son ƙaga labarin da tauraronsa ɗan wasa ne.

Zubi Da Tsarin Littafin

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi shi ne, marubucin bai zauna ya tsara mana labari da bakinsa daga farko har ƙarshe ba. Abin da ya yi shi ne, ya bi mutane kusan 200 waɗanda suka yi zama da Ali ko suka kara da shi, ya ɗauki maganarsu, sannan ya jera ta bi da bi gwargwadon shekarun rayuwar mutumin. Shi kuwa marubucin aikinsa bai wuce na mai ɗinki ba, yana haɗa wannan ƙyalle da wancan da 'yan bayanai kaɗan. Za ka ji mai horarwa ya faɗi yadda ya ga abu, sai likita ya zo ya faɗi nasa, sai abokin karawa ya ƙaryata su duka.

Wannan tsari ya yi kama da zaman shari'a a gaban alƙali, inda ake kiran shaidu ɗaya bayan ɗaya. Amfaninsa shi ne, tun ba a je ko'ina ba mai karatu zai gane cewa rayuwar Ali ba shi kaɗai ya gina ta ba. A 1954, yana ɗan shekara 12, aka sace masa keke a garinsu Louisville, ya je kai ƙara wurin wani ɗan sanda mai suna Joe Martin yana cewa zai lakaɗa wa ɓarawon duka. Ɗan sandan nan, wanda yake koya wa yara dambe, shi ya ce masa ya fara koyon faɗan tukuna. Da ya dawo daga wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960 da lambar zinare, wasu attajirai 11 na garin suka haɗu suka ɗauki nauyinsa, har suka sa sharaɗin a riƙa ajiye masa wani kaso na kuɗinsa don gaba. Su ne kuma suka haɗa shi da Angelo Dundee, mai horarwar da ya zauna da shi shekara 21.

Jigon Littafin Kamar Yadda Muka Fahimce Shi

Masu sharhi da yawa sun ɗauki littafin a matsayin labarin jarunta: yadda Ali ya musulunta a 1964, da yadda ya ƙi shiga soja don yaƙin Biyetnam a 1967 aka ƙwace kambinsa aka hana shi dambe fiye da shekara uku, da yadda ya dawo ya buge George Foreman a Kinshasa a 1974. Duk wannan yana ciki. Amma mu a namu karatun, jigon da ya fi ratsa littafin shi ne na mutanen da ke kewaye da gwarzo, da yadda hannun da ya ɗaga shi sama yakan zama shi ne hannun da ya kasa sauke shi lokacin da ya kamata.

Bari mu ɗauki misalai uku daga cikin turamen da suka fi shahara, domin su ne suka fi fito da wannan jigo fili.

Na farko, a watan Fabrairun 1964, lokacin da Ali yana saurayi ɗan shekara 22 ya kara da Sonny Liston. Bayan turmi na huɗu wani abu ya shiga idonsa, ya daina gani sosai, ya nemi a yanke masa safar hannu a bar wasan. Dundee ya wanke masa ido, ya tura shi fili ya ce ya yi ta zillewa har idon ya washe. Haka aka yi, kuma Liston ya kasa tasowa a turmi na bakwai. Da Dundee ya biye wa yaronsa a wannan dare, da wataƙila ba mu san wani Muhammad Ali ba. A nan tura shi da aka yi alheri ne.

Na biyu, a Manila ta ƙasar Filifin, ranar 1 ga Oktoban 1975, karawarsa ta uku da Joe Frazier. Bayan turmi 14 na azaba, idanun Frazier sun kumbura har ba ya ganin naushin da ke zuwa. Saura turmi ɗaya tak, kuma Frazier yana roƙon a bar shi ya ƙarasa. Mai horar da shi, Eddie Futch, wanda ya taɓa ganin 'yan dambe sun mutu a fili, ya ƙi, ya tsayar da wasan. Ya yarda yaronsa ya rasa damar cin kambi, ya kuma yi fushi da shi, da dai ya rasa ido ko rai.

Na uku, a Las Vegas, ranar 2 ga Oktoban 1980, lokacin da Ali yana da shekara 38 ya dawo daga ritaya don ya kara da Larry Holmes, wanda a da yaron atisayensa ne. Turmi goma Holmes ya yi yana dukansa, shi kuwa ko hannu ba ya iya ɗagawa sosai. Da Dundee ya ce a tsaya, sai Bundini Brown, wanda shi ne kamar maroƙin Ali tun 1963, ya riƙe masa riga yana roƙon a ƙara turmi ɗaya. Dundee ya tsaya a kan bakansa. Wannan ne karo ɗaya tilo da aka tsayar da wasan Ali don ya kasa, kuma shi kansa Holmes da ya yi nasara sai da ya zubar da hawaye.

Idan mai karatu ya jera waɗannan turame uku, zai ga cewa aikin na kusa da ɗan wasa ba zuga ba ne kullum, ba kuma hani ba ne kullum. Aikin shi ne sanin ranar da za a ce tashi da ranar da za a ce zauna. Amma tambayar da littafin ya bar mu da ita ta fi wannan nauyi: yaya aka yi har Ali ya isa filin nan na 1980?

Hanyar Da Ta Kai Shi Las Vegas

A nan ne muke ganin littafin ya yi rawar gani ƙwarai, domin ya nuna cewa ba a rasa gargaɗi ba. Likitan Ali na fili, Ferdie Pacheco, ya bar shi tun 1977, bayan karawarsa da Earnie Shavers, mutumin da aka san shi da nauyin hannu. Gwajin da aka yi bayan wasan ya nuna ƙodar Ali ta fara taɓuwa. Pacheco ya rubuta wa Ali da matarsa da manajansa da mai horar da shi, yana ba da shawarar a daina. Ya ce babu wanda ya ba shi amsa, don haka ya tattara nasa ya nasa ya tafi. Abin lura a nan shi ne, Pacheco ya sha faɗa cewa shi ba albashi yake karɓa a wurin Ali ba. Wato wanda cikinsa bai dogara da wasan ba, shi ya iya buɗe baki.

Sauran fa? Manajansa Herbert Muhammad, wanda ya karɓi ragamar harkokinsa a 1966, yana da kaso ɗaya cikin uku na duk abin da Ali ya samu. Bayan shi akwai ayari guda: masu dafa abinci, masu tausa, masu gadi, direbobi, abokan hira, da waɗanda ba wanda ya san takamaiman aikinsu. Kusan dukkansu ba sa samun kuɗin kirki sai an ɗaure hannu. Ba sai mutum ya zama mugu ba kafin irin wannan tsari ya toshe masa baki. Mai iyali wanda ya san cewa ranar da maigida ya ajiye dambe tukunyarsa za ta huce, da wuya ya zama shi ne na farkon cewa a ajiye.

Daɗin daɗawa, kafin wasan Holmes hukumar dambe ta jihar Nevada ta tura Ali babban asibitin Mayo a watan Yulin 1980. Rahoton likitocin ya nuna yana ɗan kuskure wajen kai yatsa kan hancinsa, maganarsa ta fara sarƙewa, kuma tsalle da ƙafa ɗaya ba ya yi masa sauƙi kamar yadda ake zato ga ɗan wasa irinsa. Duk da haka aka ba shi lasisi. Ana cikin atisaye kuma wani likita ya ba shi maganin da ake ba masu ciwon halittar nan ta maƙogwaro da ake kira tayirod, shi kuma ya riƙa sha fiye da ƙima. Maganin ya zabge masa ƙiba, ya fito sumul a hoto kamar saurayi, alhali ƙarfinsa ya tafi. Kuɗin da aka yi masa alkawari a wasan dala miliyan 8 ne. Ko bayan wannan dukan ma ba a tsaya ba, sai da ya sake karawa da Trevor Berbick a tsibirin Bahamas a watan Disambar 1981, aka kuma cinye shi. A 1984 likitoci suka tabbatar yana da cutar karkarwar jiki da ake kira Parkinson.

Likitoci sun saɓa a kan ko dukan da ya sha ne ya jawo masa cutar, ko kuwa dama tana tafe dambe ya ƙara mata gudu. Amma ba sai an warware wannan gardama ba kafin a yarda cewa mutumin da harshensa ya fara nauyi bai kamata a kai shi gaban Larry Holmes ba.

Inda Muke Ganin Littafin Ya Gaza

Hausawa na cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Wanda ya karanta littafin nan da gaggawa zai iya rufe shi da wannan karin magana a bakinsa, mu kuwa muna ganin ba ta isa ba. Ali ba yaro ba ne. Taurin kan da ya sa ya tsaya wa gwamnatin Amurka a 1967 shi ne dai taurin kan da ya sa ya ƙi jin maganar likita a 1977. Yana son kuɗin, yana son sowar jama'a, kuma shi da kansa ya zaɓi fadawansa ya riƙe su, har waɗanda ya san suna cutarsa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Littafin ya kawo wannan, amma ƙaunar da marubucin ke yi wa tauraronsa takan sa ya sassauta masa.

Gazawa ta biyu daga tsarin littafin ta taso. Mun ce ya yi kama da zaman shari'a, to amma shari'a ce da alƙali bai yanke hukunci ba. Kowane shaida an ba shi dama ya wanke kansa: wannan ya ce ya zauna ne don ya kare shi, wancan ya ce shi ba a tambaye shi ba, wani ya ce ai ba mai iya hana Ali abin da ya sa gaba. Da aka raba laifin gida ɗari, sai kowa ya tashi da ɗan guntun da bai fi ƙarfinsa ba. Marubuci yana da haƙƙin ya bar mai karatu ya yanke hukunci, amma akwai wuraren da shirunsa yakan yi kama da kawar da kai.

Dalilin wannan shiru ba ɓoyayye ba ne. An rubuta littafin ne da yardar Ali da haɗin kan iyalinsa da amininsa mai ɗaukar hoto Howard Bingham. Su suka buɗe wa marubucin ƙofofi, kuma wanda aka buɗe wa ƙofa da wuya ya shiga ya fasa tukunya. A taƙaice, shi ma marubucin ya zama ɗaya daga cikin 'yan rakiya. Sai dai a yaba masa, domin ya fi na gabansa nesa ba kusa ba. Littafin The Greatest na 1975, wanda aka fitar da sunan Ali da taimakon Richard Durham, sai da ya bi ta hannun manajansa kafin a buga, kuma a cikinsa ne aka ba da labarin jefa lambar zinare a kogi, labarin da na kusa da Ali da dama suka musanta daga baya. Wanda ke son ganin abin da marubuci zai iya faɗa idan ba a riƙe masa alƙalami ba, sai ya haɗa da littafin Jonathan Eig mai suna Ali: A Life na 2017, wanda ya fito bayan rasuwar Ali a 2016, ya kuma bi diddigin yawan dukan da ya sha da yadda maganarsa ta riƙa ja baya shekara bayan shekara.

Gazawa ta uku ita ce ƙarancin muryoyin mata. Ali ya yi aure sau huɗu, kuma matarsa ta ƙarshe, Lonnie, wadda ya aura a 1986, ita ce ta tsaya ta gyara masa harkokin kuɗi, ta rage cincirindon da ke kansa, ta yi jinyarsa shekara 30. Amma a littafin maganar maza ta fili da ta kasuwanci ta danne ta mutanen cikin gida, alhali su ne suke ganin yadda gwarzo ke kwana bayan an kashe fitilun fili.

Abin Da Ya Shafe Mu

Wani zai ce me ya haɗa marubucin Hausa da damben Amurka? Amsar ita ce, mu ma muna da Bundini namu, kuma namu sun fi shi iya aikin. Duk mai sauraron waƙoƙin Hausa ya san waƙar da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi wa Shago. Waƙa ce da ta kai matuƙa wajen fasaha, cike da ambaton mutuwa da raina ta, wadda ko matsoraci ya ji sai tsikar jikinsa ta tashi. Aikin makaɗin maza ke nan, ya cire wa ɗan dambe tsoro, kuma ba mu ga laifinsa ba. Amma kirari ba ya faɗin ciwon kai da ake kwana da shi, ko haƙoran da suka zube, ko yadda aka raba kuɗin da aka tara a fili, ko wanda ya ɗauki nauyin iyali bayan hannu ya daina ɗauruwa. Makaɗi ya yi nasa aikin. Namu aikin na masu alƙalami shi ne wanda ba a yi ba.

Matsalar ita ce, idan muka tashi rubuta tarihin wani shahararre, mukan ari kalangun makaɗi mu rataya. Daga shafin farko zuwa na ƙarshe yabo ne: an haife shi da alamun girma, ya tashi da hazaƙa, ya yi nasara, ya rasu ana kuka. A ƙagaggun labaranmu ma haka abin yake, jarumi shi kaɗai yake yanke shawara, na kusa da shi kuwa ko dai amintattu ne marasa aibu ko maƙiya marasa alheri. Littafin Hauser ya nuna mana cewa labarin yana wurin mutumin da ke tsakiya, wanda yake ƙaunar gwarzo da gaske kuma yake ci daga jikinsa da gaske, irin Bundini, wanda zai iya kuka saboda Ali kuma ya roƙi a ƙara masa turmin duka a dare ɗaya. Marubucin da ya iya zana irin wannan mutum ya iya rubutu.

Kada kuma mu ɗauka abin sai a manyan filaye. Mu da muke koyarwa mun taɓa tsayawa a bakin filin makaranta ranar wasan ƙarshe na cin kofi, muna kallo aka ɗaure wa wani ɗalibi gwiwa da bandeji aka mayar da shi fili yana ɗingishi, don shi ne mai ci mana ƙwallo. Ba wanda ya tilasta shi, shi ma yana so. Mu kuma muka tafa masa. An ci kofin, yaron kuwa bai sake buga ƙwallon kirki ba. A ranar babu Eddie Futch ko ɗaya a cikinmu, kuma da muka karanta wannan littafi sai da muka tuna da shi.

Naɗewa

Shawararmu ga 'yan'uwa, musamman masu tasowa, ita ce su nemi littafin nan su karanta da idon mai koyon sana'a. Su ɗauki dabararsa ta sauraren mutane da yawa a kan abu ɗaya, su kuma guje wa rauninsa na jin nauyin waɗanda suka ba shi masauki. Sannan su waiwayi gida. A garuruwanmu akwai tsofaffin 'yan dambe da 'yan kokawa da 'yan ƙwallo waɗanda a da ake cika fili dominsu, yau suna zaune a ƙofar gida ba mai tambayarsu. Makaɗansu da matansu da yaran da suka ɗaure musu hannu wasu suna nan da rai. A je a same su tun ƙasa ba ta rufe musu ido ba. A tambayi wanda ya fara kai shi fili, da wanda yake riƙe kuɗin, da wanda ya taɓa ce masa ya isa haka, da abin da ya faru da wannan mutum bayan ya faɗa.

Allah ya ba mu ikon rubuta gaskiya, ya kuma haɗa mu da masu faɗa mana ita, amin.